A harɗe hannu, a yi shiru: Yadda zama ke cinye safiyar ƙananan ɗalibai a ƙasar Kurfai

Kafin ƙarfe 8 na safe, yaro ɗan shekara bakwai a ƙauyukan da ke kewaye da Filinge ya riga ya yi zirga-zirgar da takwaransa na unguwannin masu hali a Yamai ba lallai ya yi ta ba a wuni guda. Ya je makarantar allo da asuba ya dawo, ya kora awaki bakin gari, wataƙila ya raka yayarsa rijiya. Sannan ya rataya ƴar jakarsa ya kama hanyar lakwal, kamar yadda ake kiran makarantar boko a Nijar, cikin rairayin da ƙafa ke nutsewa. Idan daga wata tunga ko ruga ya fito, sai ya yi rabin sa'a ko fiye yana tafe.

Ana buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, a yi layi, a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa. Da an shiga aji kuwa, abin farko da ɗan aji ɗaya ke koya, tun kafin ya san baƙi ko wasali, shi ne ya zauna, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya rufe baki, ya dubi babban allo. Haka zai kasance har wajen ƙarfe 10, lokacin da ake sakin su hutu na kamar rabin sa'a. Daga nan a koma a sake zama har rana ta take.

In ban da barci, wannan ne zama mafi tsawo da yaron zai yi a wuninsa. A kansa ne kuma masana lafiya da na ilimi a ƙasashe da dama suka daɗe suna muhawara: minti nawa ƙaramin yaro ke motsa jikinsa a lokacin darasi, kuma me rashin motsin ke yi masa? A Turai da Amurka tsoron ƙiba da zaman kallon waya ne ya tayar da maganar. A Kurfai damuwar dabam ce. Yaron da aka danne sa'o'i a wuri guda, cikin cunkoso da zafi, sau da yawa cikinsa ba komai, shin karatun ma yana shiga kansa?

Ƙasar da yaro ba ya zama

Filinge na da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jihar Tillaberi, a kan hanyar da ta bi ta Baleyara da Bankuku. Garin yana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, ya bar faffadan rairayi tsakanin tuddai masu jan dutse. Nan ce cibiyar Kurfayawa, Hausawan da ke maƙwabtaka da Zabarmawa, Abzinawa da Fulani. Gero da wake ake nomawa, ana kuma kiwo. Gidan gonar gwamnati na Tukunus, da ke arewa da garin, ya yi suna da shanun Azawak. Ranar Lahadi kasuwa ke ci.

A irin wannan ƙasa yaro ma'aikaci ne tun yana ƙarami. Shi ke korar tsuntsaye a gona, shi ke kala bayan girbi, shi ke ɗebo ruwa da itace. Da an gama kaka maza su tafi ci-rani, wasu Yamai, wasu Najeriya ko ƙasashen bakin teku, wasu Libiya, aikin da suka bari ya koma kan mata da yara.

Shi ya sa duk wanda ya ce wa wani uba a Shikal ɗansa na buƙatar motsa jiki, dariya zai fara sha. Kuma uban yana da gaskiyarsa. Sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'idar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta buga da sauri, sannan aƙalla kwana uku a mako su yi wasannin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Shekara guda kafin nan, a 2019, ta fitar da ta ƴan ƙasa da shekara 5: ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar minti 180 na motsi iri-iri a rana, 60 daga ciki mai ƙarfi, kuma kada a tsare shi wuri guda fiye da sa'a ɗaya a jere, kada kuma a bar shi ya daɗe a zaune.

Idan aka ɗora aikin yaron Kurfai a kan wannan ma'auni, za a ga giɓi. Bin awaki sannu-sannu tafiya ce, amma ba ta sa haki. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, wato kusan nauyin shi kansa ɗan shekara bakwai. Ɗaukar ta gajiya ce da ciwon wuya, ba ginin jiki ba. Abin da ke gina ƙashin yaro da koya masa sarrafa gaɓoɓinsa shi ne tsalle, gudu, birki, juyawa, faɗuwa da tashi, jifa da cafewa. A taƙaice, wasa. Aiki na ba yaro wahala, amma ba ya ba shi wannan.

Kashi na biyu na ƙa'idar, wanda ya shafi dogon zama, shi ne ya fi kama makaranta kai tsaye. A wani bincike da aka wallafa a 2014, an ɗaura wa yara kimanin dubu ɗaya ƴan shekara 10 zuwa 12 ƴar na'ura mai auna motsi a ƙugu, a ƙasashe biyar na Turai. An tarar kashi 65 cikin 100 na lokacinsu a makaranta a zaune suke yin sa, kashi 5 kacal suke motsi mai ƙarfi. Wannan fa a makarantun da ke da fili, da ɗakin wasanni, da kujera ga kowane yaro.

Ajin da ba wurin miƙe ƙafa

A Nijar firamare aji shida ce, daga CI zuwa CM2, kuma ajin farko ne ya fi cika, domin yara suna raguwa ne yayin da ake hawa sama. A cikin gari ba abin mamaki ba ne a tarar da yara 60, 70 ko fiye a gaban malami ɗaya. Bencin da aka ƙera don yara biyu ko uku sai huɗu su matsu a kai. Sauran suna ƙasa, a kan tabarma, buhu ko rairayi tsura, ƙaramin allo a kan gwiwa. Mushe ko madam ba sa samun hanyar ratsawa zuwa bayan aji. Yaron da ya miƙe daga tsakiya sai ya taka mutum uku kafin ya kai ƙofa.

A nan ya kamata a yi wa malamin adalci. Harɗe hannu da shiru ba mugunta ba ce, dabarar tsira ce. Mutum ɗaya, alli ɗaya, yara 70: idan ya bari biyar suka motsa, cikin minti ɗaya ajin ya zama kasuwar Lahadi. Mafi yawan malaman firamare a ƙasar ƴan kwantaragi ne, da yawansu matasa, kuma abin da mai duba makarantu da iyaye suka fi saurin gani daga bakin ƙofa shi ne aji ya yi tsit ko bai yi ba. Malamin da ajinsa ke da hayaniya ana ganin bai iya riƙe yara ba, ko da hayaniyar ta karatu ce.

Akwai kuma wani ɗauri na biyu da ba a cika lura da shi ba. Yaron ya taso da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamashek, ko Fulatanci, ya shiga aji ya tarar ana magana da Faransanci. Jikinsa a ɗaure, bakinsa ma a ɗaure. Abin da ya rage masa shi ne ya maimaita abin da aka faɗa tare da sauran, ya fahimta ko bai fahimta ba. Wanda ya taɓa zama wurin taron da ake yi da harshen da ba ya ji, ya san yadda barci ke zuwa da wuri. Gyangyaɗin ɗan CI da ƙarfe 11 ba lalaci ba ne koyaushe.

Dubban azuzuwan ma ba gini ba ne. A 2022 hukumomin Nijar da kansu sun ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasar. Rumfa ce ta kara da itace, gajera, mai ƙofa ɗaya, wadda iskar hunturu ke cika da ƙura, awaki kuma ke cin bangonta idan an tashi. Illarta ga batun motsa jiki tana zuwa ne ta wata hanya da ba a zata ba, wato ta kalanda. Ba a iya kafa rumfar sai an girbe gero an samu kara. A takarda ana komawa makaranta a farkon Oktoba, amma ajin zana kan kai Nuwamba bai tsaya ba. A 2024 ma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawar gaba ɗaya zuwa 28 ga Oktoba. A ɗaya ƙarshen kuma, da hadarin farko ya taso a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, rumfa ta tafi, iyaye kuma suna son yara a gona don shuka.

Shekarar karatu ta gajarce daga kai da gindi, manhaja kuwa ba ta ragu ba. Malamin da ke tsere da lokaci zai duba jadawalinsa ya ga me zai yanke. Ba zai yanke lissafi ko karatu ba. Darasin motsa jiki, wanda ake kira EPS, shi da waƙa da zane su ke fara tafiya. Dama a firamare malamin aji ne ke koyar da shi da kansa. Ƙwararrun da cibiyar horar da malaman wasanni ta INJS da ke Yamai ke yayewa galibi makarantun sakandare ake tura su. Inda aka kiyaye lokacin ma, sau da yawa yakan koma sharar fili ko ɗiban ruwa, ko a jefa wa manyan yara maza ƙwallo ɗaya, ƙanana da mata su zauna gindin bishiya suna kallo.

Rumfar tana da wani haɗarin da ƴan Nijar ba za su manta ba. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas da ke Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin renon yara. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Bayan wannan ne gwamnati ta hana sanya ƴan ajin reno a cikin azuzuwan zana. Ƴan CI da CP, waɗanda shekara ɗaya ko biyu kawai suka girme su, suna nan a ciki a wurare da dama. Kara busasshe ba ya jiran kowa. Yara 60 da aka horar su zauna har sai an ba su izini, waɗanda ba a taɓa gwada musu yadda za su miƙe su fita layi-layi cikin sauri ba, ƙofa ɗaya ba za ta ishe su ba. Gwajin fita na minti biyu, sau ɗaya a mako, motsa jiki ne, kuma yana iya zama abin da zai raba rai da mutuwa.

Tsaro ya ƙara matse wurin

Tun farkon 2020 gundumar Filinge ta shiga cikin yankunan Tillaberi da aka sanya wa dokar ta-ɓaci saboda hare-haren ƴan bindiga. A 2023 hukumomin ilimi sun bayyana cewa makarantu sama da 900 ne ke rufe a jihar, dubun dubatar yara suna zaune a gida ko suna gudun hijira. Iyalan da suka bar ƙauyukansu sun nufi manyan garuruwa irin su Abala, Filinge da Baleyara, ƴaƴansu suka shiga makarantun da dama can a cike suke. Inda ake zama huɗu a benci aka koma biyar. Inda akwai ɗan fili a harabar makaranta, sai a kafa sabuwar rumfa a kai.

Rashin tsaro ya taɓa wasa ta wani ɓangaren kuma. A al'adar ƙauye, dandali ne makarantar motsa jiki: da farin wata ƴan mata su yi gaɗa, maza su yi langa da kokawa da ɓuya har dare ya raba. A garin da tsoro ya shiga, uwa ba ta barin ɗanta waje bayan isha'i. Idan dandali ya mutu, filin makaranta ne ya rage wa yaro wurin da zai yi gudu hankali kwance. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji irin su UNICEF ke sanya ƙwallo da igiyar tsalle cikin kayan da suke kai wa yaran da rikici ya raba da gidajensu. Yaron da ya ga abin tashin hankali ba ya iya zayyana shi da baki, amma jikinsa na riƙe da shi, kuma zama shiru na sa'a biyu na daga cikin abubuwan da suka fi yi masa wuya.

Rana da yunwa

Duk mai son kawo gyara a nan, dole ya yi lissafi da abu biyu. Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40, ajin da aka rufa da kwano kuma ya zama tanda tun kafin azahar. Na biyu abinci. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Waɗannan yaran ne ke shiga CI bayan shekara ɗaya ko biyu. Wani ya sha kunu ko ragowar fura kafin ya fito, wani ko ruwa bai kurɓa ba. Akwai makarantun da ke da kantin, inda ake dafa wa yara abinci da tallafin gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, amma ba kowace makaranta ba.

Saboda haka abin da ya yi aiki a wata ƙasa ba a kwafo shi ido rufe. A garin Stirling na Sikotland, wata shugabar firamare mai suna Elaine Wyllie ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko sassarfa na minti 15 kullum a 2012, shirin da aka sani da Daily Mile, wanda daga baya ya bazu zuwa dubban makarantu. A can sanyi ake yi, yaran kuma sun ƙoshi. A fitar da yaro mai yunwa gudu da ƙarfe 11 na watan Afrilu a Filinge, suma za a ɗauka. Tsarin Finlan ya fi kusa da abin da zai yiwu: bayan kowane darasi na minti 45 a ba yara hutun minti 15. Ba gudu ake nema ba, yanka dogon zaman ake yi gunduwa-gunduwa.

Yanayin Kurfai ma yana da nasa rangwamen. Daga Disamba zuwa Janairu yara kan iso aji suna rawar sanyi, hannu ya ƙage ba ya riƙe alli. Minti biyar na tsalle da tafi kafin a zauna ya fi kowace wuta amfani, balle a ajin kara da ba a kusantar da wuta. Da bazara kuwa, sanyin safiya da inuwar bedi su ne jari, tare da randar ruwa a kusurwar aji.

Shin lokacin karatu ba zai tafi a banza ba?

Wannan ce tambayar da ta fi damun iyaye da malamai, kuma tana da nauyi a ƙasar da Bankin Duniya ya kiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 ƴan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka, ƙarƙashin Charles Hillman, sun sa yara ƴan kimanin shekara 9 tafiyar minti 20, sannan suka gwada su. Sun fi mayar da hankali, sun kuma fi yin kyau a gwajin karatu, idan aka kwatanta da ranar da suka zauna kawai. A Holan an bi yara kusan 500 na makarantu 12 har shekara biyu, ana koya wa rabinsu lissafi da rubutu cikin motsi, misali yaro ya ba da amsa da yawan tsallen da zai yi. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna sun wuce takwarorinsu a lissafi da rubuta kalmomi daidai da tazarar da ta kai ta karatun wata huɗu.

Ba kowane bincike ne ya fito haka ba. A Nowe an gwada ƙara motsa jiki a makarantu cikin wani nazari da ya haɗa makarantu 57 da yara sama da 1,100, aka tarar makin yaran gaba ɗaya bai tashi ba. Amma bai faɗi ba kuma, duk da lokacin da aka ware wa motsi. Yaran da suka fi rauni a lissafi kuwa sun samu ci gaba. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da ajin CI na ƙasar Kurfai, inda raunanan ba ƴan tsiraru ba ne a bayan aji.

Abin da ke hannu

Abin sha'awa shi ne ajin Nijar bai rasa tushen da za a ɗora a kai ba. Akwai tsohuwar dabarar ƙaramin allo da malamai suka gada: mushe ya yi tambaya, ya buga tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Akwai "a tashi, a zauna" da ake yi idan an ga barci ya fara kama yara. Akwai ƙirga da tsinken kara da tsakuwa, akwai waƙa da tafi. Duk waɗannan motsi ne, sai dai na hannu ne da na daƙiƙa kaɗan.

Mataki na gaba ba ya bukatar ko dala. Rairayin Dallol allo ne da ba ya ƙarewa. A ja layi a ƙasa a rubuta 1 zuwa 20, yaro ya tsaya a kan 4, a ce masa a ƙara 3, ya yi tsalle uku ya duba inda ya sauka. A zana harafi babba a bi shi da ƙafa kafin a bi shi da alli. A raba aji gida biyu, rabi suna rubutu a ciki, rabi suna inuwa tare da wani babban ɗalibi. Cunkoson da ya hana motsi a cikin rumfa ba ya nan a waje.

Wasannin kuwa yaran sun fi malamin sani. Langa, inda yaro ke kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ƴan ƙungiyarsa suna kare wanda aka naɗa ruwa har ya kai wurin sha, ta haɗa ƙarfin ƙafa da daidaita jiki da dabara, ba ta kuma buƙatar ƙwallo ko takalmi. Ƴar gala-gala ƙirga ce da tsalle a cikin gidajen da aka zana a ƙasa. Gaɗa numfashi ce da kiɗan tafi da yarda da juna, tun da yarinya kan saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su cafe ta. Kokawa kuwa ba sai an tallata ta ba a ƙasar da tun 1975, lokacin da aka fara a Tawa, gasar takobin ƙasa ke tsayar da komai; duk shekara bayan gasar, kowane tulin rairayi fage ne. Kundin da hukumomin ƙasar suka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Waɗannan wasanni dama da Hausa ake yin su, kuma a cikinsu ne ɗan CI ke magana da cikakken baki.

Akwai abu guda da sai an daina kafin sauran su yi tasiri, shi ne mayar da motsi horo. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a kan tsakuwa hannu a sama, zagaye fili da gudu don an makara: yaron da ya taso a haka ya koyi cewa mai laifi ne ke motsi, na kirki yana zaune. Mafi muni shi ne hana yaro fita hutu don bai iya darasi ba ko don ya cika ƙiriniya. Wanda ya fi kowa buƙatar rabin sa'ar nan, shi ake hana wa.

Ƴan mata suna da nasu ƙarin cikas. Binciken da WHO ta jagoranta a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 ƴan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 85 cikin 100 na mata ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 78. Tazarar tun a ƙananan azuzuwa take farawa. Lokacin hutu yarinya ce ake aika ta cika randa, ita ke share aji, wata ta zo da farantin talla, wata tana lura da ƙaninta. Maza sun mamaye tsakiyar fili da ƙwallon tsumma, mata suna gefe suna carafke a zaune. Kafin ta kai CE2 an fara gaya mata gudu ba na mace ba ne. Gaɗa da tsallen igiya ba wanda ke ƙyamar su. Abin da suke buƙata shi ne a ware musu wuri da lokaci, kada a bar su sai abin da maza suka rage.

Masu iya yin wannan suna nan cikin gari. Kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, waɗanda aka fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan kafin su game ƙasa, su ne dama ke tara kara su kafa rumfuna duk shekara. Hannun da ya kafa rumfa zai iya tsince ƙaya da ƙarangiya daga fili, ya buɗe wa ajin zana ƙofa ta biyu, ya dasa bedi ya kewaye shi da ƙaya don awaki. Ƙungiyoyin iyaye mata kuma su ne maganarsu ke da nauyi a kan ko yarinya za ta yi tsalle a makaranta ko za ta zauna da faranti.

Da ƙarfe 10, idan aka buga ƙarfen, ba a fita daga ajin CI, fashewa ake yi. Yara sukan yi gudu ba tare da sun san inda suka nufa ba, wani ya faɗi ya tashi ya ci gaba, ƙura ta turnuƙe har ba a ganin tuta sosai. Masu dala biyar su yi wajen mai ƙosai, marasa ita su yi wajen randa. Cikin minti uku an ja layin gala-gala, an raba gari a langa, wasu biyu sun riga sun sarƙe da kokawa a bayan rumfa.

Da rabi ta yi a sake bugawa. Mai langa ya saki ƙafarsa, ƴan mata su tsince duwatsun carafke su zuba a aljihu. A kakkaɓe gwiwa, a matsu a benci, a harɗe hannu. Saura kamar sa'a ɗaya da rabi kafin a tashi.